Tirelar da Na Toshe wa Iska

Ni mutum ne mai iyayi. Matata ta daɗe tana faɗa, ni kuma na daɗe ina musu, amma yanzu na sallama. Kimiyya nake koyarwa a wata sakandare a nan Bauchi, kuma daɗewa da riƙon alli ta sa mini wani ciwo. Duk abin da na ga wani ya yi da hannunsa, sai in ga kamar rashin karatu ne ya sa ya yi shi haka, da ni ne da na fi shi.

Tirelar da zan ba da labarinta ba irin doguwar nan mai ɗaukar siminti ba ce. Ƙarama ce, rufaffiya kamar akwatin ƙarfe, mai taya biyu da ƙofa a baya, ana ɗaura ta a bayan mota a ja. Mutum zai iya kwanciya a ciki ya miƙe ƙafa, amma in zai tsaya sai ya sunkuya. A hannun wani mai raba burodi a Fadaman Mada na saye ta, saboda matata, wadda a lokacin take kai atamfa da kayan yara kasuwannin ƙauye. Ranar da ba ni da makaranta ni ne direba.

Damina ɗaya ta isa ta nuna mana halinta. Muna dawowa daga Dass ruwa ya tare mu a hanya, da muka iso gida muka buɗe sai ga ruwa kwance a ciki, tsatsa ta zuba a kan atamfofi ta yi musu jan tabo. Matata ta kwashe turamen ta shanya su a igiya, ɗaya bayan ɗaya, daidai inda duk wanda ya shigo gidan zai gani. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce in kai wa mai walda. Na ce mai walda ne ya yi ta da farko, ga kuma abin da ya haifar. Dogon hutu ya zo, na ja tirelar tsakar gidanmu a Yelwa, na tuɓe riga, na shiga aiki. Sati uku na yi a kanta. Na kankare tsatsa da samfefa har yatsuna suka yi kanta. Na bi duk wata mahaɗar ƙarfe na cike da irin gam ɗin da masu sa gilashi ke aiki da shi. Na yanka tsohuwar robar cikin taya na zagaye bakin ƙofa da ita, yadda in ka rufe sai ka sa kafaɗa ka danna. Ciki kuma na manna soson katifa, na rufe shi da allon silin. Rufin ne na fi ji da shi: na narka kwalta a gwangwani a kan kurfotin matata, na shafe saman da ita baƙi ƙirin, har sau biyu. Kwana uku tuwonmu yana warin titi, kuma an sanar da ni hakan a kowane cin abinci.

Sai ramukan. Ramuka huɗu ne, biyu a kowane gefe, can sama kusa da rufi, kowanne an lanƙwasa masa ɗan ƙarfe a kai yana kallon ƙasa. Ina ganinsu na ce ga ɓarayin nan. Wane irin mutum ne zai ƙera abu don ya kare kaya daga ruwa, sannan ya huda shi da kansa? Na yanko langa-langa na rufe su, na ɗaure da noti, na bi da gam, na shafe da fenti har ba ka gane inda suke.

A satin ne na haɗu da mai burodin a gidan mai, ban iya yin shiru ba, na ba shi labarin aikina. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ramukan nan fa ba ta nan ruwa ke shiga ba. Ta nan burodi ke numfashi. In ka rufe shi da zafinsa ba iska, kafin ka kai ƙauye ya jiƙe."

Na ce, "Ni ai ba burodi zan ɗauka ba."

Ya ce, "Haka ne kuma," ya hau babur ɗinsa.

Ranar gwaji na roƙi matata ta shiga ciki in rufe, in yi ta kwara ruwa da bokiti, ta duba ko zai ɗiga. Ban kai bokiti na huɗu ba na ji tana dukan ƙofa. Ta fito tana haki, zufa ta jiƙa mata ɗankwali, ta ce, "Ruwa dai bai shiga ba. Amma Malam, ko numfashi ba a iya yi a cikin abin nan." Ni a kunnena yabo ne. Na ce mata abin da ake nema ke nan.

Abin haushi, ba a yi wata biyu ba ta samu shago a kasuwar Wunti, zuwa ƙauye ya ƙare. Tirelar ta zauna a tsakar gida, a gefen da babu inuwa, na sa mata duwatsu a ƙarƙashin taya. Duk baƙon da ya zo sai na zagaya da shi ya gani, in buɗe in rufe ya ji yadda ƙofar ke kamawa. Aikin sati uku ga shi nan ba komai a ciki, abin yana ci mini rai.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata dattijuwa da duk unguwa ke kira Mama. Mutumiyar wajen Bogoro ce, Kirista, ta yi aikin shara a asibiti har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Jos, sun yi sun yi ta koma wurinsu ta ƙi. Abin da ya riƙe ta gona ce, ƙarama, ta aro, a bayan gari ta hanyar Dass. Keke mai ƙafa uku take hawa da fartanyarta tun da sassafe, ta dawo bayan azahar ƙafafu duk laka, tana ba mai keken labari kamar ɗanta. Gyaɗa take nomawa, kuma ba irin ta kasuwa ba. Ƙanana ce, ja mai ɗigon fari, sau da yawa ƙwaya uku a kwanso ɗaya. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓi irin ranar da aka kai ta gidan miji, tun daga lokacin kuma ba ta taɓa sayen iri ba. Duk kaka sai ta aiko mana da dafaffiya a kwano, kuma gaskiya ban taɓa cin mai garɗinta ba.

Yadda take ajiyar iri shi ne, ta zaɓi kwanson da suka fi cika, ta shanya, ta barbaɗa toka, ta zuba a buhu ta rataye a ɗakin girkinta inda hayaƙi ke bi. A shekarar nan rufin ɗakin girkin ya rufta a ruwan ƙarshe, mai gidan da take haya kuma ya yi ta ce mata gobe. Ɓeraye suka samu hanya. Wata ranar Asabar a watan Nuwamba ta shigo tana tambayar matata ko muna da tsohon duro da za ta ɗora buhunan a kai. Ina zaune ina jin su. Ba wanda ya sa da ni.

Na ce, "Mama, me za ki yi da duro? Ga tirela nan. Ɓera ba ya shiga, ruwa ba ya shiga, ko ƙuda sai ya nemi izini."

Ta je ta leƙa ciki, ta shafa allon silin, ta juyo. Hausarta irin ta mutanen kudancin jihar nan ce, komai namiji ne a bakinta. Ta ce, "Yana da kyau, Malam. Amma iri yana son iska fa. Gyaɗan uwana bai saba da kulle ba."

Na ce, "Iskar ce ke kawo laima da ƙwari, Mama. In kika hana iska kin hana komai. Abin da muke koya wa yara ke nan."

Ta yi dariya ta ce, "To, ku ne masu boko."

Buhu biyu ne, ba manya ba. Ni na ɗauko su da kaina, na jera a ciki, na danna ƙofa da kafaɗa na sa kwaɗo. Na miƙa mata makulli ta ce in riƙe, ita hannunta yar da abu yake yi. Ranar na ci abinci da daɗi.

A watan Janairu na buɗe don in ɗauki wata igiya da na manta a ciki. Wani ɗumi mai wari ya bugi fuskata, irin warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ɗaga kai na ga allon silin ya yi tabo, ruwa ya taru a jikin ƙofar ta ciki yana gangarowa. Na taɓa buhu na ji shi da danshi. Ba ruwan sama ba ne, rabon Bauchi da ruwa wata uku ke nan. Gyaɗar ce take fitar da sauran laimar jikinta da rana in ƙarfen ya ɗau zafi, sanyin safiya ya mayar da ita ruwa, ba ta da ta inda za ta fita. Wannan darasi ne da nake koyarwa a aji ɗaya, har da zane a allo.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In zagaya in yi sallama in ce, Mama, na yi kuskure, zo ki ɗauki irinki. Taku ashirin ne. Maimakon haka na jira ranar Lahadi ta tafi coci, matata ta tafi shago, na fito da buhunan na zazzage a kan tabarma na shanya, ina yi ina sauraron motsin ƙofarta kamar ɓarawo. Kwanson sun bushe, ba su nuna komai ba, sai ɗan baƙi-baƙi a wasu. Na tsince waɗannan na zubar a bola, na mayar da sauran, na rufe.

Na yi tunanin in kwance langa-langan da na rufe ramukan da shi. Aikin rabin awa ne. Amma fentin zai ɓaci, kuma duk wanda na zagaya da shi na nuna masa zai tambaya me ya faru. Matata za ta tambaya. Na ce wa kaina ai yanzu gyaɗar ta bushe sarai, matsala ta wuce. Dalilina ke nan, ba ni da wani wanda ya fi shi, na nema ban samu ba.

Sai zafi ya shigo. Wanda ya san Bauchi a watan Maris ya san abin da nake nufi. Baƙar kwaltar da na shafa ta yi ta shan rana tun safe har la'asar, sosan da na manna kuma ya riƙe zafin ya hana shi fita. Wata rana da azahar na ɗora tafin hannu a jikin ƙofar, ban iya barinsa a kai ba. Na daina zagayawa da baƙi. Na ma daina bi ta gefen, in zan je famfo sai in zagaya ta bayan ɗaki.

A tsakiyar watan na kasa daurewa. Na ɗebo kwanso kaɗan na sa a aljihu na tafi da su makaranta. Na ɓare ƙwaya ashirin, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na sa a cikin durowar teburina, kullum in yayyafa ruwa. Iri mai rai kwana huɗu zuwa biyar yake fasa baki. Na ba su kwana goma. Biyu ne suka fito da ɗan farin tsiro, shi ma a wahalce. Sauran suka yi laushi suka yi funfuna. Na naɗe tsumman na jefa a masai, na wanke hannu, na shiga aji na koyar.

Daga ranar ba zan ce ban sani ba. Na sani sarai. Kullum da safe in zan fita Mama tana shara a ƙofar gidanta, ta ce, "Malam, yaya 'ya'yana a cikin akwati?" In ce, "Suna nan lafiya, Mama." Na yi ta shirya maganar a raina, in na zo bakin ƙofa sai ta maƙale. Wani lokaci in ce bari sai an yi albashi in sayo mata iri mai kyau in haɗa da ban haƙuri, alhali na san ba iri mai kyau take nema ba, nata take so. Wani lokaci in ce wa ya sani, ƙasa ba tsumma ba ce, wataƙila a gona su fito. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya rasa hujja, balle mai karatu.

Ruwa ya sauka sosai a farkon Yuni. Ta zo ta karɓi buhunanta, ta zauna a tsakar gidanmu ita da matata suna ɓarewa a faranti, suna hira. Can ta ɗago hannu cike da ƙwaya ta kalla a rana. Ta ce, "Malam, ka ga kamar ya yi duhu? Kuma yana maiƙo."

Matata ma ta ɗago tana kallona. Na ce, "Haka iri yake yi in an adana shi da kyau, Mama. Man jikinsa ne bai gudu ba."

Wannan ƙaryar ita ce ta fi tsaya mini a rai, don ban yi shirinta ba, ta fito ne sumul kamar ina karanta ta a littafi. Mama ta gyaɗa kai ta ci gaba da ɓara.

Ta shuka. Ta jira sati ɗaya, ta jira na biyu. Matata ce ta raka ta gonar wata ranar Juma'a, ta dawo ta ce mini kunyoyin nan a share suke tas, sai tsiro ɗaya nan, ɗaya can nesa, su ma rawaya, kuma tsuntsaye da gara sun gama da sauran a cikin ƙasa. Ta ce Mama ta yi ta tona rami da yatsa tana fito da ruɓaɓɓiyar ƙwaya tana dubawa. Gonakin da ke gefe da gefe duk sun yi kore. Matata ta faɗi wannan tana kallona, na ce Allah ya kyauta, na tashi na ɗauki buta. 'Yan tsirarun da suka fito ma ba su kai ko'ina ba, kafin wata ya ƙare sun bushe.

A watan Yuli Mama ta shigo da yamma ta zauna a kan tabarma, ta ce ta zo ta gaya mana ta mayar wa mai gona gonarsa, ɗanta zai zo ya ɗauke ta ƙarshen wata. Matata ta ce haba Mama, don shekara ɗaya ta ƙi? Ta ce ba shekarar ba ce. Ta buɗe tafukan hannunta ta ɗora a gwiwa. Ta ce, "A wurinmu, in mutum ya shuka iri mai kyau a ƙasa mai kyau, ruwa ya zo, abu bai fito ba, to hannunsa ne ya mutu. Na gani a wurin kakana. Ƙasa ya daina karɓa daga hannuna. Malam ya ajiye mini iri kamar a banki, ba ni da wanda zan ce sai kaina."

Ina zaune a kan kujera, taku uku tsakanina da ita. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata, kuma duk da haka na bar ta ta tashi ta tafi.

Bayan ta fita matata ta ce, "Malam, akwai abin da ka sani?" Na gaya mata duka, tun daga Janairu har tsumman. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ni ba zan faɗa mata ba. Kai za ka je." Kwana uku na ƙara kafin na je.

Na same ta da la'asar tana ɗaure kwanuka a cikin zani. Na durƙusa a bakin ƙofa, abin da rabona da yi wa wani tun ina saurayi. Na ce, "Mama, ba hannunki ba ne. Ni ne. Tirelar ce ta dafa irin, kuma na sani tun kafin ki shuka."

Ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ta sa na maimaita, na maimaita, har da shanyar da na yi ranar Lahadi tana coci. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, na ma fi son ta zage ni. Sai ta ce, "Wane wata ka sani?"

Na ce, "Janairu na fara gani. Ƙarshen Maris na tabbatar."

Ta ce, "Mu biyu ne muka rage da irin nan, ni da ƙanwana a ƙauye. Sati ɗaya kafin bikin Ista ta kira ni, cikin Afrilu, ta ce za ta aurar da 'ya, tana son ta matse nata ta yi mai, ko ta rage mini mudu biyu? Na ce ta matse duka. Na ce nawa yana cikin akwatin Malam, ko ƙuda ba ya shiga."

Na ce ta yafe mini, na ce zan je ƙauyen da kaina in bi gida-gida ko wani yana da shi. Ta ce ba kowa, sun koma irin kamfani tun da daɗewa. Daga baya na je ɗin, sau biyu, kuma gaskiyarta ce.

Ta juya hannayenta tana kallonsu, ciki da baya. Ta ce, "Ashe yana nan da ransa." Ta ɗan yi murmushi, ba da ni ba. Sannan ta ce, "Na yafe maka, Malam. Tashi, ƙasa yana da sanyi."

Na ce to ta fasa tafiyar mana, ni zan je in roƙi mai gonar, in nemo mata kowane iri take so. Ta ɗauki kwanon ta sa a cikin zanin, ta ja bakinsa ta ƙulle.

Ta ce, "Ya riga ya ba wani, har ya sa wake. Kuma in na koma, me zan shuka?"